Maganin da Inna Take Karɓa

Yayana ma'aikacin ƙididdiga ne a babban asibiti, kuma tun da ya haɗa wani lissafi a injin kwamfuta ba mu ƙara shan ruwa a gidan nan ba sai da labarinsa. Lissafin yana duba masu hawan jini, ya hasaso wanda ya fi kusa da kwanciya a gadon asibiti. Wanda ya fito ja, nas za ta bi shi har gida ta auna shi. Kore kuwa, sai a bar shi.

"Babbar alama ita ce karɓar magani," in ji Yaya. "Wanda ya makara a tagar magani, ya kusa faɗuwa."

Baba direban babbar mota ne, mai hawan jini da taurin kai, kuma kullum kore yake fitowa. Yaya har taƙama yake yi da shi a ofis. Duk wata Inna ke ɗaukar katinsa ta je ta bi layi, ba ta taɓa fashi ba. Don haka nas ba ta taɓa taka ƙofarmu ba.

Wata safiya Baba ya sunkuya zai ɗaura takalmi, sai ya kife. Kafin a kai shi asibiti bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki.

Likita ta ce a kawo maganin da yake sha. Inna ta koma gida, ta dawo da buhun leda ta juye a kan benci. Kwalaye ne birjik, ko ɗaya ba a ɓare ba. Raina ya ɓaci.

"Inna, mene ne wannan?" in ji Yaya.

"Babanku ya ce fitsari suke sa shi. Wai direba ba ya tsayawa a kowace kwana."

"To me ya sa kike karɓowa? Da kin bari ya fito ja, ai da an zo an duba shi!"

Inna ta dubi ƙofar ɗakin da Baba yake kwance, sannan ta dubi ɗanta. Ba ta yi kuka ba, tattara kwalayen take yi ɗaya bayan ɗaya.

"Kai ka ce wanda ya makara ja yake zama. Na ce ba za a buɗe injinka a gaban mutane a ga mahaifinka a cikin marasa jin magana ba. Kunya na tare maka."