Numfashi a Waƙa ta Uku

"Wallahi tsumma ne ya kama shi, Kawu," in ji Auta, tana miƙo mini kan allurar garmahon babanta a tafin hannu kamar wadda ta taka ɗan tsako. "Ƙura kawai nake gogewa."

Na kai shi bakin taga na duba. Tsinin ya tafi. Shekara ashirin ina gyaran rediyo a shagon da ke jikin gidansu, in abu ya mutu ba sai an gaya mini ba.

Babanta yana kwance a ɗaki, wata na uku ke nan. Kunne muke ce masa a layinmu, don yakan ji fanka ta fara lalacewa tun mai ita bai sani ba. Ido ya daɗe da barinsa, amma kunnen yana nan daram. Faifai ɗaya yake saurara kullum da yamma. Marigayiya matarsa tana cikin 'yan amshi a waƙa ta uku, tun tana budurwa, kuma ya rantse kafin amshi ya shigo ana jin ta ja numfashi, ita kaɗai.

Ni dai ban taɓa yarda ba. Mun sha musu a bencin shagona.

"Baba, kan allura iri biyu ne," nakan ce. "Mai maganaɗisu ga araha, ga murya, in tsini ya cinye a zare a sa sabo. Naka mai naɗin waya kuɗinsa ya sayi wancan biyar, murya ƙasa-ƙasa sai an haɗa masa akwatin ƙari, in ya karye kuma sai an sake shi ɗungurungum. Don Allah me ka saya?"

"Numfashi na saya, Injiniya. Naɗin wayar ba nauyi, kowane lungu na faifai yana bi. Naka waƙa yake ji, nawa mutane. Araha ba ta ado."

Ranar da tsinin ya karye na kira mai kawo mini kaya, ya ce irin na Baba sai mako uku. Likita kuwa ya riga ya gaya wa Auta kada ta sa rai da nisa. To, da babu gara ba daɗi. Na ɗauko mai maganaɗisu mafi kyau a shagona na ɗaura, na zare akwatin ƙarin, na daidaita nauyin hannun da ke riƙe allurar. Na ce wa Auta ta kama bakinta.

Da yamma na sa faifan. Yana kwance ido rufe, yatsa ɗaya yana bin kiɗa a kan zanin gado. Waƙa ta uku ta zo, amshi ya shigo.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Ka iya aiki. Murya ta fito tas."

Har na sauke ajiyar zuciya.

"Sai dai yau ba ta ja numfashi ba."

Kunya ta rufe ni, kamar ƙasa ta tsage in shige. "Baba, naka ya karye. Na aika a kawo."

"Tun waƙar farko na sani. Wa ya karya?"

"Ni ne."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ƙarya biyu a yini ɗaya! Auta, zo nan. Tsumma ne, ko? Daina kuka, uwarki ma ta taɓa karya mini ɗaya." Ya laluba ya kama hannunta. "To, mu jira ta."

Ya jira. Kullum in na leƙo, kafin gaisuwa yake cewa, "An kawo?" Nakan ce yana hanya, shi kuma ya ce a sa na arahar, ba laifi. A rana ta sha shida da safe Auta ta kai masa shayi, ta tarar ya cika, fuskarsa tana duban garmahon. Allah ya jiƙansa. Na yi kewarsa fiye da yadda na zata.

Bayan kwana huɗu saƙon ya iso. Na so in mayar, Auta ta ce a'a, in ɗaura.

Ɗakin ya zama fili, an naɗe katifa an jingine ta da bango. Na mayar da akwatin ƙarin, na sauke allura a waƙa ta uku. Kiɗa ya ɗan lafa, sai ga shi, can gefe, siriri: wata yarinya ta ja numfashi, kamar mai jin tsoron kada ta makara.

"Kawu, ka ji?"

"Na ji."

"Mayar baya."

Sau uku na mayar. A na huɗu muka bar faifan ya tafi har ƙarshe, allura ta kai tsakiya tana ta zagaye, ba wanda ya tashi ya ɗaga ta.