Sun Me, Anti?

Ranar Talata Anti Nkiruka ta aiko a ce in zo makaranta. Ita ce malamar ɗiyata Praise a aji ɗaya na firamare. Ni tsohon soja ne, na yi shekara ashirin da biyu na fito da igiya biyu, wato dai ban dami kowa da ci gaba ba. Amma har yau in aka ce malama na kira, sai in ji kamar ni na yi laifin.

Ta ba ni kujerar yara, na zauna gwiwa a haɓa. Ta ce duk Juma'a tana yi musu shifta, kalmomin Turanci guda goma, 'yan gajeru masu harafi uku-uku da wasali ɗaya a tsakiya. Sati biyar ke nan Praise ba ta taɓa cin sama da uku ba.

"Baban Praise, yarinyar tana da ƙoƙari," in ji ta. Hausarta a shagon mijinta ta koye ta, tana ji sarai, tana ciniki da ita, amma ba ta taɓa karanta ta a rubuce ba. "In na faɗi kalma, daban take rubutawa. In na ɗaga kati sai ta juya tana kallon taga, ko ta ce mini 'me?' Kun taɓa duba kunnenta?"

Bara da zafi Praise ta yi sanƙarau, kwana goma sha ɗaya muka yi a asibiti. Ranar da aka sallame mu likita ya ja ni gefe ya ce mu riƙa lura da jinta, don ciwon yakan tafi ya bar yaro da kurumta. Ban gaya wa uwarta Monica ba. Na riƙe maganar ni kaɗai, a ganina wannan shi ne jarumta.

Da yamma na gaya mata, tana tsintar wake a ƙofar ɗaki.

"Shekara guda kana riƙe da wannan?"

"Ban so hankalinki ya tashi ba."

"To madalla. Yanzu ya kwanta."

Na ce bari in gwada yarinyar da kaina. Na tsaya a bayanta tana wasa da murfin kwalba, na kira sunanta a hankali. Ba ta juyo ba. Monica ta ce ko da ihu na kira ta ba za ta juyo ba, ta san aike ne. Na saki faranti a ƙasa. Kaji suka watse, maƙwabcinmu Solomon ya leƙo ta katanga, Praise ta ɗago ta faɗi wani abu. Na ce ta maimaita, don kunnena na hagu tun a filin harbi ya yi ritaya kafin ni.

"Wa ake gwadawa a cikinku?" Monica ta ce.

Ba wanda ya yi dariya. Ranar ta tuƙa tuwo amma ba ta ci ba. Muka yanke cewa ranar Alhamis zan kai yarinyar asibiti.

Alhamis da hantsi na biya makaranta in ɗauke ta. Na iske ana cikin darasi. Anti Nkiruka ta ce in tsaya minti biyar in gani da idona, don in san abin da zan gaya wa likita. Ta kira Praise gaban aji. Katunan nata fari ne, kalma a gaba, hoto a baya.

Ta ɗaga na farko: c, a, n.

Praise ta dube shi, ta juya wajen taga ta nuna da yatsa. "Can?"

"Ka gani?" malamar ta ce. "Hankalinta na waje."

Na gyaɗa kai. Abin da ban faɗa ba shi ne ni ma saura kaɗan in leƙa tagar.

Ta ɗaga na biyu: s, u, n.

Praise ta jira, kamar akwai saura. Sannan ta ce a hankali, "Sun me, Anti?"

"Ka ji ko? Kullum 'me'."

Ƙwaƙwalwar kofur ba ta gudu, amma tana isa. Na sake duban katin. Na ce a ba ni alli. Na rubuta a allo, da rubutuna mai kama da sawun zabi: Sun tafi can gun kaka.

"Karanta."

Ta ɗora yatsa a ƙarƙashin kalmar farko ta bi su ɗaya bayan ɗaya. "Sun. Tafi. Can. Gun. Kaka." Ta juyo. "Su wa, Baba?"

Anti Nkiruka ta matso kusa da allon. "Wannan can ɗin, wanda ake cewa je ka can? Haka kuke rubuta shi?"

"Haka muka taso muka iske shi."

Amma ni ba karatu ya kawo ni ba. Na miƙa wa Praise allin, na ce ta fuskanci allo kada ta juyo. Na taka har ƙarshen aji na jingina da bango, yara suna bina da ido. Na rufe baki da hannu na rage murya.

"Rubuta ciki."

Ta rubuta: c, i, k, i.

Na ƙara ragewa, har ni kaina ban tabbatar na yi magana ba. "Cinya."

Ta rubuta. Sai da ta yi tunani a kan y ɗin, ta goge da yawu ta gyara.

Na daɗe a jikin bangon nan. Wata yarinya a layin baya ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce alli ne ya shiga mini ido. Ta dubi nisan da ke tsakanina da allon.

Malamar ta ɗauko littafin shiftar muka sake bi tare. Inda ta faɗi cat, Praise ta rubuta kat. Bus ya zama bos, sun na rana ya zama son, cup ya zama kof. Ta furta kowace kalma yadda take furta wa yara, ta dubi rubutun, ta sake furtawa.

"Abin da ya fito daga bakina ta rubuta," ta ce. "Sai dai wannan f ɗin."

"Wannan gadon gida ne."

Ta durƙusa gaban yarinyar. "Praise, wa ya koya miki karatun Hausa?"

"Baba."

Na ce ban taɓa ba.

"A coci," Praise ta ce. "Da yatsa."

Gaskiyarta. Karatuna ba shi da sauri, don haka in ana waƙa da yatsa nake bin layi a littafin waƙoƙi, kuma kullum jama'a na gabana da kalma biyu. Shekara biyu tana zaune a gefena tana kallon yatsan yana rarrafe daga harafi zuwa harafi. Da ni mai saurin karatu ne da ba ta koyi komai ba.

"Na tsoratar da ku, Baban Praise. Ka yi haƙuri."

"Gara da kika faɗa."

Ta ɗauki katin farko ta ce wa Praise wannan harafin baki biyu gare shi, a coci yana cewa ca, a aji yana cewa ka. Ta juya katin, ga hoton gwangwani. Praise ta dubi gwangwanin ta dubi harafin.

"To me ya sa ba su sa k ba?"

Malamar ta dube ni. Na ce a inda na yi aiki ba a yin irin wannan tambayar.

Kafin in tafi sai da ta sa ni aiki. Ta zube katunan a tebur ta ce in ware mata duk wanda yake kalma ne a Hausa, don tana zargin akwai wasu yaran da ke kallon taga. Na ware man, da gun, da ban, da bin, da kin. Ta ɗaure su daban da roba.

A ƙofar makaranta na buga wa Monica waya na gaya mata. Sai na ji tana jan hanci. Ta ce tunda na riga na sa riga mai guga, in kai ta asibitin a tabbatar.

Na kai ta. Aka haska, aka gwada dama da hagu, aka ce lafiya lau.

A hanyar gida tana gabana a kan babur, duk rubutun da muka wuce sai ta karanta da ƙarfi. Ana cajin waya. Akwai ƙanƙara. Da muka zo kwanar kasuwa na rage gudu saboda cunkoso, ta ɗaga murya ta karanta wa wani bawan Allah da ke tsugune a gindin katanga cewa ba a fitsari a nan. Na ƙara wuta.