Bishiyar da Kwamiti Ya Raya

Dokar da kwamitin daji ya liƙa a ƙofar ofis ta ce mataccen itace rabon mata masu itacen girki ne. Ranar Talata matan suka shafa wa wata busasshiyar bishiya jan fenti, alamar gatari na tafe. A kogonta ƙudan zuma ke zaune, kuma da zumarsu wani da ake kira Mai Zuma yake ciyar da gidansa shekara tara.

Wadda ta shafa fentin yayarsa ce, shugabar matan.

Mai Zuma ya kai ƙara. Kwamiti ya zauna a ajin makaranta, dattawa a bencin yara, gwiwa na taɓa gemu.

"Yaya, bishiyar nan ba ta mutu ba," in ji shi.

"Ganye nawa ta yi bana?"

"Ba ta yi ba."

"Bara fa?"

"Hutawa take yi."

"Haka ka ce mana lokacin da aka sallame ka daga aikin gini."

Sakatare, tsohon malamin makaranta, ya gyara tabarau. Ya ce shi ya rubuta dokar, kuma "matacce" ya rubuta, ba "busasshe" ba. Ya tambayi Mai Zuma hujjarsa.

"Malam, tana numfashi. Mai shakka ya je ya kara kunne a bakin kogon."

Aka nemi wanda zai je. Kowa ya duba ƙasa. Aka ɗaga hannu, bakwai da huɗu, sakatare ya rubuta: tana da rai. Aka ba da umarnin kankare fentin.

Yayar ba ta yi musu ba. Ta gyara mayafi, ta nemi a karanta abin da aka tanadar wa bishiya mai rai da ta kasa yin ganye. Sakatare ya juya shafi, ya karanta: mai cin amfaninta zai ba ta ruwa bokiti huɗu, sau biyu a mako, har ta farfaɗo.

Daga rijiya zuwa wurin tafiyar rabin awa ce, rabinta hawa.

Ranar Asabar tana dawowa da ƙirare a ka ta tarar da shi yana juye bokiti na uku a gindin bishiyar. Ta tsaya.

"Sannu, ƙanena. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi," in ji shi, ya ɗauki bokitin ya nufi rijiya.