Sanyin Ɗakin Inna

A duk zuriyarmu babu wanda Allah ya wanke wa zuciya daga hassada kamar babban yayanmu. Shi da kansa ya sha shaida mana haka, kuma mutum ne da ba ya ƙarya sai da dalili.

Saboda haka da autanmu ya sa batir a gidansa, irin wanda ke tara wuta ya riƙe gida idan an ɗauke, Yaya bai ji komai ba. Ya dai je ya tsaya gaban akwatin da ke manne da bango, hannu a baya, yana kallonsa kamar ya zo ta'aziyya.

"Ashe ɗan ƙarami ne," ya ce.

"Fankoki da firji kawai yake ɗauka, Yaya," in ji Auta.

"To, Allah ya raya shi."

Rigimar ta taso ne daga Inna, mahaifiyarmu, wadda ke zaune gidan Yaya tun rasuwar Baba. Ta je gidan Auta ganin jariri, ta tarar da fankar da ba ta tsayawa. Kwana biyun da ta ce za ta yi ya miƙe, har maƙwabtan Yaya suka fara tambayarsa ko lafiya tsohuwa ta ƙaura.

"Ni ba don kaina nake magana ba," ya ce da ni. "Amma yaron da na goya a bayana, shi zai janye mana uwa da fanka?"

Ya sayo nasa batirin. Kafin ya zaɓa sai da ya auna na Auta da tafin hannu, ya ɗauki wanda ya fi shi da yatsa huɗu. Ya sa aka haɗa masa gidan gaba ɗaya, har fitilar da ke kallon titi. A ɗakin Inna kuwa ya sa aka kwance tsohuwar fanka aka kafa na'urar sanyaya ɗaki, tunda fanka ko a gidan yara akwai ta. Sannan ya je da mota ya ɗauko ta.

Batirin yana da hali ɗaya: idan ya kusa ƙarewa sai ya kama kuka kamar ɗan tsako. Da an ɗauke wuta da safe, kafin rana ta take ya fara. Sai Yaya ya fito yana bin ɗakuna.

"Wane ne ya jona dutsen guga?"

"Babu kowa," in ji matarsa. "Kai ka ce mu sake jiki, nan ba gidan Auta ba ne."

"Ku kashe mini talabijin ɗin nan. So kuke gobe Inna ta ce a mayar da ita can, gari ya yi mini dariya?"

Yara suka koyi tafiya da sanɗa. Matarsa ta koma guga da gawayi. Ɗakin Inna kuma bango ɗaya ya raba shi da falo, duk faɗan nan a kunnenta ake yi.

Bayan ɗan lokaci kukan ya daina. Yaya ya kira ni in zo in ga abin da ake kira batir. Na je da tsakar rana, gari kamar tanda, babu wuta tun safe. Na same shi gaban akwatin, waya a kunne.

"Har yanzu ya fi rabi," yake gaya wa Auta. "Da na'ura a kunne, ka ji. Naka fa, yana numfashi?"

Na wuce in gaida Inna. Ƙofarta a rufe take, tagogi ma, kamar yadda Yaya ya yi umarni don kada sanyi ya tsere. Na tura, zafi ya dake ni a fuska. Na'urar a kashe. Inna na zaune bakin gado tana fifita da murfin kwano, wuyan rigarta ya jiƙe sharkaf.

"Rufe ƙofar," ta ce a hankali.

"Inna, ai sai ki koma gidan Auta."

"In koma, wannan yayan naku kuma wa zai kalle shi?"

Muka ji takun Yaya ya tsaya daga waje. Ba ya shiga, don kada ya ɓata sanyin.

"Inna, bai yi miki yawa ba dai?"

"Ya yi daidai, Babba. Allah ya yi albarka."

Ta jira har takunsa ya yi nisa, sannan ta ci gaba da fifita.