Hutun Alhaji Abdoulaye a Bakin Tafki

Alhaji Abdoulaye na cikin buga turke na huɗu sai tantin ya sake kifewa a kansa. Ya fito da rarrafe, hula a karkace, yana haki. Mutumin da rabin manyan motocin kaya da ke ƙetara gadar Gaya shi ke yi musu takardun duwan, wato kwastan, yau ga shi ƙyalle ya gagare shi.

Ba marmari ya kawo shi ba. Ranar Talata likita ya auna shi har sau biyu, ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, tansiyonka ya kai ashirin, hawan jini ne mai tsanani. In ba ka sami kwana biyu babu waya babu mutane ba, zuwanka na gaba ɗauko ka za a yi." Gidansa kuwa mutum sha tara ne, ban da masu zuwa gaisuwa. Shi ya sa ya sayi tanti wurin ƴan gwanjo, ya ce wa matarsa Madina za shi Dosso, ya sulalo wurin shaƙatawar da aka killace a bakin tafki, can bayan Bengou.

Yacuba mai gadi, wanda tun da aka buɗe wurin bara bai ga baƙo ba sai awaki, ya zo ya kama masa suka tsai da tantin.

"Alhaji, a nan za ka kwana? A ƙasa?"

"A nan."

"Gida dai lahiya?"

"Lafiya lau. Hutu na zo."

Yacuba ya dubi motar Alhaji, ya dubi tantin, ya yi salati a hankali, ya hau kekensa ya nufi gari.

Alhaji ya sami shiru na kusan minti ashirin. Ruwa kwance, balbelu na kiwo a gefe, wani kwalekwale can nesa. Har jijiyar wuyansa ta fara saki, sai ga wani tsohon masunci, Baba Alfari, da ƴaƴansa biyu ɗauke da gadon ƙarfe a ka.

"Fofo, sannu da zuwa, Alhaji. Ba a taɓa kwantar da baƙo a ƙasa a garin ga ba, kuma ba kanka za a fara ba."

"Baba, wallahi hutu na zo."

"Haka kowa ke cewa, ɗana. Ni ma da uwar yaran ga ta kore ni, cewa na yi su na tafi."

Gadon bai shiga tanti ba, sai aka cire tantin aka ɗora shi bisa gadon kamar gidan sauro.

Kafin azahar mata sun kawo dambu da soyayyen kifi da fura ƙwarya uku. Aka kewaye shi da zana don a rufa masa asiri, jama'a suka jeru suna leƙe ta sama. Wani bawan Allah ya rataya masa rediyo don kada kaɗaici ya kashe shi. Duk wanda ya zo sai Alhaji ya tashi zaune ya amsa gaisuwa, don shi tun yana yaro bai iya ƙyale sallama ba. Kansa ya soma sarawa.

Da la'asar ya hango jerin baburan kabu-kabu sun taso. Ashe ƙanen Yacuba a tashar Gaya yake aiki, shi ya kai labari gida. Madina ce gaba, bayanta uwarta, da yara, da ƙannensa, gidan kaf har da jaririn sati uku.

"Nan ne Dosso?" in ji Madina. "Kasuwa duka an ɗauka na kore ka. Shekara ashirin da shida, Alhaji, me na yi maka?"

Tausayinta ya kama shi, kunya kuma ta rufe shi. Ya zaro takardar likita don ta wanke su duka. Ta bi hannu-hannu, babu mai karanta rubutun likita, har ta iso wurin Baba Alfari. Tsohon ya juya ta sama da ƙasa.

"In ta saki ce, ba a gabanmu ba," ya ce, ya yayyaga ta. Jama'a suka yi kabbara.

Aka shimfiɗa tabarmi aka zauna sulhu. Liman ya yi magana, surukarsa ta yi, Yacuba ma ya ba da shaida. Shi dai ba wanda ya tambaye shi komai. Ya ɗauki buta ya ce zai kewaya, ya bi bayan zana, ya haye kabu-kabun farko da ya tarar. Motar ma ya bar musu.

Ya iske gidansa wayam. Ba kukan yaro, ba daka, ba talabijin. Tun da ya gina gidan bai san iska na kaɗa ganyen mangwaron tsakar gida har a ji ba. Ya sa sakata, ya miƙe a tabarma, ya ji bugun da ke cikin kunnensa yana lafawa. Har ƙwalla ta zo masa don daɗi.

Sai aka buga ƙofa. Muryar maƙwabcinsa Harouna ce.

"Salamu alaikum! Alhaji, mun ji iyali sun watse sun bar ka. Ga tuwo, ga dattawan unguwa nan tafe. Salamu alaikum!"

Amsar ta taso masa har bakin leɓe. Ya haɗiye ta, ya jawo hula ya rufe fuska.