Takalman Dokin Kanar Wadlow

Tun zaɓe saura mako guda na ƙera takalman ƙarfe huɗu na rataye su a bangon maƙerata. Matata Keziah ta ce wannan zumuɗin nawa sai ka ce ni za a tura majalisa. Shekara goma sha biyu ke nan gundumarmu tana tura Kanar Ephraim Wadlow majalisar Virginia, kuma kowace shekara, washegarin zaɓe, yakan jawo dokinsa in buga masa sababbin takalma, don hanyar Richmond, inda majalisar take, duwatsu ce zalla.

A ƙarƙashinsa na yi yaƙin da muka kori sojan Ingila. Mutum ne mai taurin kai, ga ƙarancin magana, amma ban taɓa ganin ya ci abinci kafin mu ci ba. Bai taɓa roƙon ƙuri'ar kowa ba, wai abin kunya ne. Duk da haka na san yana son kujerar a wannan shekara fiye da kullum. Shi da bakinsa ya gaya mini a bakin zuga cewa dokar gina gada a kan koginmu ta kusa wucewa, yana so ya ga ƙarshenta da idonsa kafin gwiwoyinsa su zaunar da shi.

Abokin karawarsa wani lauya ne, Lemuel Ashgrove, bai kai talatin ba, baki kamar reza. Gida-gida ya bi yana gaisuwa, har karnukan mutane ya san sunansu. Ni dai ban so shi ba.

Ranar zaɓe aka fito da dogon tebur ƙofar kotu, su biyun suka zauna a benci ɗaya. Kowane mai fili, don masu fili kaɗai ke zaɓe, ya zo ya faɗi sunan gwaninsa kowa na ji, wanda aka ambata ya miƙe ya cire hula ya yi godiya. Da sassafe lauya ya tashi ya ba Kanar ƙuri'arsa, don a wurinmu mutumin kirki ba ya ambaton kansa, abokin takararsa yake kira. Kanar kuwa kullum tasa yakan bari sai ƙarshe.

Da rana ta yi sanyi aka ƙirga, kowannensu ɗari da arba'in da uku. Jami'in zaɓe ya yi kira sau uku, babu wanda ya rage sai Kanar. Babu dokar da ta hana shi faɗin sunan kansa. Ko shiru ya yi ma, jami'in ne zai raba gardama, kuma surukin Kanar ne.

Na kutsa cikin mutane na sunkuya bayansa.

"Yallaɓai, ka yi shiru kawai. Ka ce maƙogwaronka ya bushe."

Ya ce, "Obadiah, tun safe nake godiya da shi, yanzu ne zai bushe?"

"To gadar fa? Wannan yaron ko kwale-kwale bai taɓa tuƙawa ba."

"Da safe ya ba ni tasa, bai san yadda yamma za ta kasance ba. In na riƙe tawa don na ga lissafi, baɗi kowa zai riƙe."

Ya dafa sandarsa. Ya miƙe a hankali ya ce, "Lemuel Ashgrove." Lauyan ya manta da hularsa gaba ɗaya, sai da wani ya taɓa shi sannan ya cire.

Na koma gida raina a ɓace, ko tuwon masarar Keziah ban taɓa ba. Ta ce in sauke takalman in yi mata ƙugiyar tukunya da su, tun da dai sun rasa mai su. Na ce ta bar ni.

Washegari ina hura wuta sai ga Kanar a ƙafa, yana jaye da wani siririn doki ja wanda ba nasa ba, na lauya ne. Lauya yana biye da shi rungume da tulin takardu ɗaure da igiya, na gane su, takardun gada ne. Kanar yana tafe yana gaya masa wane ne a majalisa ake lallaɓawa, wane ne kuma sai an daka masa tsawa. Fuskarsa a sake take, irin yadda ban gan ta ba tun ranar da aka sallame mu daga yaƙi.

Ya nuna bango da sandarsa. Na ce takalman sun yi wa wannan dokin girma, don ba dominsa na ƙera su ba.

"To ka mai da su wuta ka rage," in ji shi. "Hanyar ba ta canja ba."

Na sauke su na tura cikin garwashi. Lauya ya ajiye takardunsa ya tambaya ko zai kama mini zuga, na ce ya kama. Bai iya ba ko kaɗan, toka duk ta baɗe masa farar riga, Kanar yana zaune a kan kututture yana ta dariya. Na ɗaga ƙafar dokin na auna, na buga masa su da kyau kamar yadda na saba.