Shanun Labbo a Cikin Kwamfuta

Kalilu mai gyara ya kwance bayan kwamfutar, ya zaro wani ɗan abu bai fi yatsu biyu ba, ya ce wa Maryamu wannan ne rumbun, es-es-di sunansa. Wai hatsin na nan, mai tsaron rumbun ne ya haukace, tun ranar da wuta ta ɗauke kwamfutar na tsakiyar sabunta kanta.

Maryamu ɗiyar Labbo ce, maƙwabcinmu a Tsamaye. Fari ya ci masa shanu, waɗanda ba su faɗi ba aka kai su kasuwar Isa suna tangaɗi. Kafin haka ta ɗauki bidiyonsu a mashaya ta zuba a kwamfutarta ta makaranta. Tsohon ya kwanta tun bayan Salla, fura ma sai an yi da gaske. Abu guda yake roƙo, a nuna masa shanunsa.

Kalilu ya ce in ya yi wa abin fulashin, wato ya mayar da shi sabo, zai tashi yau, amma zai share komai. In kuwa akwai abin da ake so a ciki, sai a aika Sakkwato. Ya tambaye ta ko akwai abin da take so a ciki, a gaban 'yan cajin waya da mai rake da duk wani ɗan zaman banza na Sabon Birni. To kun san mutanen nan, Bafillata ba ta zancen dukiyar ubanta a bainar jama'a, ko da dukiyar ta zama ƙashi. Ta sunkuyar da kai ta ce ba komai. Wai a zatonta mai gyara ai zai gani da idonsa.

Ya haɗa wasu ɗigo biyu da ɗan hantsaki, ya jona waya, ya tafi sallar azahar. Da ya dawo kwamfuta ta tashi fes.

"Ina shanun?" in ji ta.

"Waɗanne shanu, Adda? Ke kic ce ba komi."

Ya ce yanzu kam ko Kano aka kai ba su dawowa.

Da ta iso gida mu dai muna bakin danga, wai mun zo sannu. Ta durƙusa ta buɗe wa Labbo kwamfutar. Babu komai a gilashin sai hoton da ke zuwa da sabuwar kwamfuta, tudu da ciyawa kore shar. Labbo ya daɗe yana kallo. Ya shiga kiran shanunsa da sunayensu, ya kira Wule, ya kira Saye, ya saurara.

"Sun tahi kiwo," ya ce. "Ina ne wagga ciyawa?"

"Nesa, Baffa."

"To a bar su can. Kada wanda ya maido su."

Washegari da hantsi ya cika. Da maza suka fita da shi, kwamfutar na nan buɗe a kan tabarma, wata kaza ta tsaya tana saran ciyawar.